Ribas da Tankar da Ba Ta Harbi

Shekara goma sha tara na yi ina tsayawa a gaban motar Ribas. Mutane suna cewa mutumin kirki ne, ba shi da hayaniya, ba ya shiga abin da babu ruwansa. Ban musa ba, amma ba da wannan ake ɗaga kaya ba. Abin da na sani shi ne, a duk shekarun nan bai taɓa taka ni ba.

Sitonmu na tayil ne da kayan banɗaki. Aikin Ribas tuƙa motar ɗaga kaya, wadda mu muke kira cokali saboda yatsun ƙarfe biyu da ke gabanta. Nawa aikin in tsaya a ƙasa in riƙa nuna masa da hannu: ɗaga, sauke, matso. In na dunƙule hannu, tsayawa ke nan nan take, ba tambaya. Idan kaya ya yi tsawo direba ba ya ganin ƙasa, to ni ne idonsa, kuma ƙafata ce ta fi kusa da inda kayan zai sauka. Saboda kayan suna tare masa gaba, yawancin tafiyarsa da baya yake yi, wuya a karkace. Daga nan sunan ya fito. Har wuyan ya saba. Ko a wajen mai shayi ka kira shi, ta kan kafaɗa yake amsa maka.

Da dako ya fara, kamar kowa. Shekara shida yana ɗaukar kwalin tayil a baya kafin ya hau kujerar, kuma da ya hau bai sake barin wani ya zauna a kanta ba. Kowace safiya sai ya zagaya motar ya shuri tayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Kafin ya tashi sai ya yi hon biyu, a kowace kwana ya yi ɗaya, ko da babu kowa a siton sai shi da ɓeraye. Abu ɗaya ya taɓa fashewa a hannunsa, wani masai na tangaran da aka ɗaure da ruɓaɓɓiyar igiya tun daga masana'anta. Kowa ya san ba laifinsa ba ne. Duk da haka, in ana hira aka zo kan wata shekara, sai ya ce, "Kafin masan ne ko bayan masan?"

Wata safiya muna shan shayi kofi ya suɓuce masa. Ya sunkuya zai ɗauka, hannun ya ƙi. Na ce, "Ribas, lafiya?" Ya buɗe baki, abin da ya fito ba magana ba ce. Hawan jini ne ya taɓa masa ɓarin dama.

Magana ta dawo cikin sati uku, wanda ba wata riba ba ce, tunda dama ba ya amfani da ita. Ƙafa ta dawo bayan wata biyu. Hannun ne ya tsaya.

Manajanmu ba mugu ba ne, surutu ne da shi. Ya je asibiti ya yi jawabi a bakin gado, wai sito gida ne, mu duka 'yan uwa ne. A cikin jawabin dai na tsinci abu ɗaya mai amfani: zai riƙe wa Ribas kujerarsa wata shida, direban haya yana tuƙawa kafin nan. Ranar da wata shida ya cika za a yi gwaji. In ya ci, makulli nasa ne. In bai ci ba, na direban haya ne. A gidan Ribas kuwa albashin nan ne ke riƙe da rufi. 'Ya'yansa mata uku, biyu suna gidajensu da nasu nauyin, sai Auta da ke aiki a kantin magani, abin da take samu ba ya wuce maganinsa da kuɗin motarta.

Likitar gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba, ta ce ya riƙa matsawa sau ɗari kullum. Ya yi kwana biyu ya ajiye.

"Na matse ta, sai me?" ya ce wa matarsa. "Me na ɗaga? Me na sauke?"

Auta ce ta shigo da akwatin wasan. Ɗan ƙaramin abu ne da ake jona wa talabijin, da rimot biyu masu waya, kuɗinsa bai kai na kwalin tayil ɗaya ba. A jikin kwalinsa an rubuta wasanni ɗari tara da casa'in da tara. Ni da kaina na zauna na duba har arba'in. Duk wasa ɗaya ne na tankar yaƙi, launin bulo kawai ake canzawa. Hoton kaca-kaca, sautin kamar an danne kyankyaso. Auta ta ce sabo ne, da gangan aka yi shi kamar na da. Na ce haka kamfani ke cewa a kan cokalinmu.

Wasan ba shi da wuya. Fili ne kana kallonsa daga sama, da layuka tsakanin bangayen jan bulo. Tankarka rawaya ce, tana ƙasa kusa da wata tuta da aka kewaye da bulo. Tankokin abokan gaba suna saukowa daga sama. Ka harbe su duka, ka wuce mataki na gaba. In suka harbi tutar, wasa ya ƙare. A rimot ɗin, madannan tuƙi suna hagu, na harbi yana dama.

Ribas ya juya abin a hannu ya ce, "Ai tuƙin a hagu yake. Hagu lafiyarsa ƙalau."

Sai ya kifa rimot ɗin, kansa ya koma ƙasa, madannan tuƙi suka faɗo ƙarƙashin babban yatsansa na dama.

"Baba, ai yanzu komai ya juye," in ji Auta. "In ka danna gaba baya za ta yi."

"To?" in ji shi.

Ranar farko ina nan, don ranar hutuna ce. Wasa ya fara, ya ɗan taɓa madanni tankar ta juya ta fuskanci tutar. Ya gyara zama. Ya nemi hon da yatsan hagu, ya samu madanni ɗaya tilo a wajen, ya danna sau biyu kamar yadda ya saba kafin ya tashi. Na farko ya rushe bulon. Na biyu ya tashi da tutar. Wasan bai kai sakan biyar ba.

Auta ta yi dariya har ta zame daga kan kujera. Shi bai yi ba.

"Wa ya haɗa hon da bindiga?" ya ce.

"Baba, babu hon. Tanka ce. Yaƙi ake yi."

"Mota babu hon. Shi ya sa ake yaƙin."

Daga ranar ya daina taɓa madannin harbi. Ya gwada sau ɗaya a kan layi, harsashin ya wuce ya ɓula bango, ya ce wani ne ya gina, ba zai sake ba. Abin da yake yi kawai tuƙi. Ya riƙe gefensa na layi. Ya tsaya a kowace mahaɗa ya duba. In tankar abokan gaba ta taho, sai ya raɓe ya ba ta hanya, ita kuma ta harbe shi, don ba ta da tarbiyya. In ya tsira, abokan gaba sukan ɗauki kamar minti biyu kafin su kai ga tutar su rusa ta. Minti biyun nan su ne aikinsa. A cikinsu yake zagaya filin sau biyu ba tare da ya gogi bango ba, in hannun ya yarda. Tuta ta faɗi, a sake daga farko.

Auta in ta dawo daga kanti ta karɓa, sai ta kai mataki na ashirin tana cin abinci da ɗaya hannun. Shi wata biyar ya yi a mataki na ɗaya.

"Baba, don Allah ka harbi ko guda ɗaya. Ga shi nan a gabanka, ya juya maka baya."

"Me ya yi mini?"

"Tutarka zai rusa!"

"Tutar tasu ce. Ni direba ne."

A wata na uku ya sa ni aiki. Ɗakin nasu ƙarami ne: kujera doguwa ɗaya, firji, talabijin a kan durowa, da keken ɗinkin matarsa a lungu. Ya ce in tsaya tsakanin talabijin da firji, inda zai riƙa ganina da gefen ido. Shi zai tuƙa tankar ta nufi bango. Duk lokacin da na ga dama in dunƙule hannu, shi kuma ya ɗage yatsa. In ta tsaya nan take, ya ci. In ta ƙara ko taku ɗaya, ya faɗi. Sau goma za a yi, yana ajiye tsinken ashana a hannun kujera duk wanda ya ci.

Na gane abin da yake nufi ba sai an yi mini bayani ba. A cokali, ƙafa ce ke taka birki, amma hannun dama ne ke kan liba, wato ƙarfen da ake turawa kaya su sauka. Tura liba ba wuya. Sakinta a kan lokaci shi ne aikin.

Haka na riƙa zuwa kowace ranar hutu bayan azahar, ƙato da ni, ina tsaye a gefen firji ina dunƙule hannu wa talabijin. Matarsa, wadda nake kira Yaya, takan wuce da kayan wanki ta dube mu.

"Dogo, kai ba ka da gida ne?"

"Ina da shi, Yaya."

"Mutane in sun zo dubiya lemo suke kawowa. Kai sito ka ɗauko mini ka kawo ɗaki. Matsa in buɗe firji, sarkin aiki."

Da muka fara, tsinke uku yake samu cikin goma. Wata na huɗu ya kai bakwai. Ƙarshen wata na biyar ya kai tara. Ranar Yaya ta yi ta murna, ta kira 'ya'yanta a waya tana gaya musu. Sati ya zagayo, tara. Wani satin, tara. Wani lokaci ya yi goma cif, mu sake, ya dawo tara. Kuma ba gajiya ba ce, don ba a ƙarshe abin ke zuwa ba. Yakan zo a na biyu, yakan zo a na takwas. Zan dunƙule hannu, in ga idonsa ya gani, in ga kafaɗarsa ta motsa, amma yatsan yana nan kwance a kan madanni kamar ba da shi ake ba. Tankar ta je ta manne da bango tana gurnani. Sakan ɗaya, sai yatsan ya farka.

Saura sati ɗaya gwaji na ce masa, "Ribas, yatsan nan yana barci."

"Na gani."

Yaya ta tsayar da keken ɗinki. "Wane irin barci? Likita ta ba shi takarda, ta ce hannu ya warke. Kai ka fi likita ne?"

"Ban fi ta ba, Yaya. Amma ita ba ta tsayawa a gaban cokali."

"Wasan yara ne fa wannan! Abin roba na kasuwa, wanda ko sunan kirki ba shi da shi. Wataƙila madannin ne ke maƙalewa."

Auta ta ce haka ne, irin waɗannan rimot ɗin ba su da inganci. Ribas ya miƙa hannu aka ba shi ɗaya rimot ɗin, wanda ba a taɓa amfani da shi sosai ba. Ya kifa shi. Muka yi goma. Tsinke tara.

Yaya ta koma kan ɗinkinta. Ta taka keken da ƙarfi har talabijin yana rawa. Da zan tafi ta raka ni bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba, ta ce a hankali, "Manaja ba zai tambaye ka maganar tanka ba, ko?"

Na ce ba na jin ya san da ita.

"To kar ya ji a bakinka."

Na ce to. Kuma na yi niyyar cikawa. Duk satin nan na riƙa duba inda nake ajiye ƙafa, ina lissafin ko mutum zai iya aikin nan daga taku biyu baya. Ba zai iya ba. Daga can ba ka ganin ƙasan katakon da kaya ke kai.

Ranar gwaji da ƙarfe tara na safe Manaja ya sa aka jera bokitan fenti a tsakar sito. Masu dako suka bar aiki suka taru. Direban haya ya jingina da ginshiƙi yana danna waya. Ribas ya zo da wankakkiyar rigar aiki, ya zagaya motar ya shuri tayoyinta, ya hau, ya gyara madubin da direban haya ya karkatar. Hon biyu. Ya bi tsakanin bokitan da baya, bai taɓa ko ɗaya ba. Ya ɗauki katakon tayil cike, ya kai shi kanta ta uku a sama, ya zaunar da shi ko ƙara ba a ji ba. Ya sake ɗauko shi ya sauke a inda na nuna.

Masu dako suka yi ihu. Manaja ya tafa, ya fara jawabi a kan haƙuri da jajircewa, ya ce gobe Ribas ya kama aiki.

Ribas bai sauko ba. Ya bari jawabin ya ƙare, sannan ya ce, "Dogo, cire takalminka ɗaya."

"Na'am?"

"Na dama. Ajiye shi nan, inda ka saba tsayawa."

Na cire takalmin aikin, irin dogon nan mai bakin ƙarfe, na ajiye shi a tsaye a kan siminti. Na koma gefe da safa. Ya ɗaga katakon tayil ɗin daidai ƙirjina, ya matso har gefensa ya zo saitin takalmin.

Manaja ya ce, "Baba Ribas, mene ne kuma wannan? Ai ka ci."

"Naka na ci, ranka ya daɗe. Sau goma, Dogo. Kar ka tausaya mini, sai ya kusa."

Ya fara saukewa. Na bari kayan ya rage kamar yatsa uku ya taɓa takalmin, na dunƙule hannu. Ya tsaya cak. Ya ɗaga, muka sake. Na biyu, cak. Na uku, na huɗu. Masu dako suka fara ƙirgawa da ƙarfi, sun ɗauka burga ce. Direban haya ya mayar da waya aljihu. Na biyar, na shida.

A na bakwai na dunƙule hannu, na ga idonsa ya gani, na ga kafaɗar ta motsa. Kayan ya ci gaba da sauka. Ba da gudu ba, a hankali, kamar yadda ya saba sauke komai. Aka ji takalmin ya yi wata 'yar ƙara, sannan katakon ya zauna.

Masu ƙirga suka matso su ga takalmin.

Ya ɗaga kayan. Ƙarfen bakin takalmin yana nan lafiyarsa ƙalau. Sauran takalmin, daga wajen ɗauri zuwa idon sawu, ya zama faifai.

"Tayar da shi," in ji Ribas. "Saura uku."

Na tayar da abin da ya rage, ya ƙi tsayuwa, na jingina shi da guntun tayil. Muka yi na takwas, na tara, na goma. Duka cak. Sannan ya ajiye kayan a wurinsu, ya kai motar inda take kwana, ya sauke yatsunta har ƙasa, ya ja birkin hannu, ya kashe. Ya zare makulli ya miƙa wa Manaja da hannun hagu.

Manaja ya ƙi karɓa. Ya ce tara cikin goma ai ko a makaranta kyauta ake bayarwa. Ya ce wa zai sauke kaya a kan takalmi da gangan? Ya nuna direban haya, a gabansa, ya ce wannan ko biyar ba zai yi ba, satin da ya wuce ma ginshiƙi ya daka.

Ribas ya ce, "Shi ganganci ne da shi. In ka yi masa faɗa zai daina. Nawa wa za ka yi wa faɗa?"

Manaja ya juyo wajena. "Dogo, kai ne a gabansa kullum. Me ka ce?"

Na yi wa Yaya alkawarin ba zan yi magana ba, don haka ban yi ba. Takalmin yana hannuna, na ɗan ɗaga shi. Manaja ya dube shi, ya karɓi makullin.

Ya ce akwai gurbi a ƙofar shigowar manyan motoci, ɗaga sanda da saukewa, rabin albashi. Ribas ya tambaya ko sandar tana da nauyi. Aka ce hannu ɗaya ke ɗaga ta. Ya ce zai yi shawara, wanda a bakinsa yana nufin a sa ransa ranar Litinin.

Wani mai dako ya ara mini silifa ƙafa ɗaya, na raka Ribas gida, ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a silifa, matsattsen takalmin a hannu. A mota, da direban ya sha kwana babu hon, sai ya yi tsaki.

Mun tarar da Yaya a tsaye a bakin ƙofa, ta yi kwalliya, Auta ma ta nemi izini daga kanti tana bayanta. Yaya ta dubi mijinta. Ta dubi ƙafafuna. Ta dubi abin da ke hannuna.

"Na wa ne?"

"Nawa ne, Yaya."

"Shi ya yi?"

"Ni na yi," in ji Ribas. "Ni na ce a ajiye."

Ta ɗan jima tana kallon takalmin.

"Ƙafar tana ciki?"

"Ba ta ciki."

"To," in ji ta. "Ku shigo. Bari in ɗora shayi."

Muka zauna a doguwar kujera mu uku, Auta a tsakiya ta riƙe hannun babanta na dama. Babu wanda ya kunna talabijin. Daga kicin muka ji an buɗe famfo ana tarar ruwa a buta, aka daɗe ba a rufe ba. Na san butar gidan nan, ba ta cin ruwa haka.